Fatsa da Gashin Zabo

Mu mutanen Kagara ba Sarkawa ba ne, manoma ne 'ya'yan manoma. Abin da muka sani na su bai wuce fatsa ba: kara ko sandar gora, zare, ƙugiya, sai tana da za a tono a gindin randa. Da haka muke fid da tarwaɗa da ƙarfasa a rafukan ƙasar Rafi idan damina ta ja baya.

Babban ruwa zuwa ya yi ya iske mu. A 1990 aka buɗe madatsar Shiroro a kan Kogin Kaduna, a 2013 kuma aka soma gina ta Zungeru, ƙasa da ita a kan kogin guda. Inda ake noma da, yau kwale-kwale ke ratsawa. To, tafki ba rafi ba ne. A rafi ruwa ne ke kai wa kifi koto har bakinsa. A tafki kuwa ruwan kwance yake, mai fatsa ne zai nemo inda kifin yake kiwo, wato bakin ciyawa, gindin itatuwan da ruwa ya shanye, da mashigar ƙoramu.

A nan ne wata dabara ta Turawa ta ba mu sha'awa. Su ba sa sa koto. Gashin tsuntsu suke ɗaurawa a ƙugiya da zare har ya yi kama da ƙwaro, sa'an nan su wurga shi ya sauka bisa ruwa a hankali. Da yake ƙwaron ba shi da nauyi, igiyar ce ake yi mai kauri don ta ɗauke shi, ana kaɗa ta gaba da baya kamar bulala kafin a sake ta. A Ingila kifayen ruwan sanyi ake kamawa da ita, amma a Kogin Zambezi har tsage take fitarwa, shi da haƙoransa ke datse zare sai an haɗa da waya.

Haƙiƙa abin bai zame mana baƙo ƙwarai ba. Duk wanda ya tsaya bakin ruwa da almuru a farkon damina, lokacin da shinge ke tashi, ya ga yadda kawara ke tasowa tana cafkar wanda ya faɗo. Ilmin yana nan wurinmu, dabarar ɗaurin ce ba mu da ita. Gashin zabo kuwa ba ya tsada, ga shi da zane irin na fiffiken ƙwari. Mai koyo ya fara a fili, ba ƙugiya, har hannunsa ya san lokacin da igiya ta miƙe a bayansa. Gaggawa ita ke tsinke ƙwaro.

Sai dai kifi da asuba da almuru yake tasowa, su ne kuma lokutan da muka daina fita. Tun daren 17 ga Fabrairun 2021 da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai da malamai a Kwalejin Kimiyya ta Kagara, aka biyo da yaran Islamiyyar Tegina a watan Mayu, iyaye suka hana yara nisa da gari. Ƙannenmu da dama sun girma ba su taɓa tsayawa bakin tafki da magariba ba, balle su ga tashin kawara. Wurgin muke koya musu a filin ƙwallo, da ƙullin gashin zabo a bakin igiya, faranti kuma a ƙasa a matsayin kifi.