Banɗaki Shi Ne Ƙarshen Kwasa

Jama'a, duk wanda aikin gwamnati ya yi yawo da shi, kamar mu da aka kwaso daga Ikko zuwa Abuja bayan an mai da hedkwatar ƙasa can a 1991, ya san ranar tashi hankalin kowa yana kan gado da akwatuna. Ba mai tuna banɗaki sai mota ta cika.

Kayansa dai ba su da tsada: buta, bokiti, soso, sabulu, tawul da dutsen goge kaushi. Amma su ne ƙarshen kwasa, su ne kuma farkon nema, domin ko da tsakar dare ka sauka a sabon gida, buta za ka fara tambaya don alwala. Saboda haka uwargidana takan ware musu bokiti guda, a riƙe shi a gaban mota. Soso da tawul kuwa tun ana gobe tashi ake shanya su, gama jiƙaƙƙen abu a cikin leda ba ya daɗewa bai yi fumfuna ba. Reza da ragowar magunguna da ruwan wanke masai, a ƙulle su dabam inda hannun yara ba ya kaiwa.

Sa'an nan sai babban al'amari. Gidan haya amana ne. Wanda zai gaje ka bai san fuskarka ba, amma da ya leƙa makewayi zai san tarbiyyarka. Shi ya sa ba na miƙa wa mai gida makulli sai na ga an wanke wurin tas, an share magudanar ruwa.