Barkiya: Yini Guda a Ajin Zane

Sai da rana ta ɗaga muka bar Katsina. Direban da ya ɗauko mu ya ce wannan hanyar ta Kurfi da Dutsin-Ma ba a yi mata sammako, ba a kuma bari magariba ta riski mutum a kanta, kuma duk motar babu wanda ya tambaye shi dalili. An gama kaka, ɗari ya fara shigowa. Gonaki dama da hagu an kwashe amfaninsu, sai tarin kara a jingine da itatuwa, sai rumbunan da aka yi wa sabon jinka, sai shanu suna kalar abin da ya rage. Hazo ya sa komai ya yi fari-fari, kamar an barbaɗa gari.

Barkiya na cikin ƙaramar hukumar Kurfi, ɗaya ce daga mazaɓunta, tare da irin su Birchi, Wurma, Tsauri da Rawayau. Da yawa daga mutanen nesa sun fara jin sunan ne a bakin 'yan siyasa, saboda Sanata Kabir Abdullahi Barkiya, wanda ya wakilci Katsina ta Tsakiya daga 2019 zuwa 2023. Ni kuwa abin da ya kai ni daban ne. Ɗan ƙanwata ne ke shekararsa ta uku a karatun NCE, aka tura shi koyarwar gwaji a wata firamare ta wannan yanki, aka kuma damƙa masa darasin da kowa ke gudu. Saƙon da ya aiko mini gajere ne: "Kawu, ka zo ka ga yadda nake fama."

Na same shi a bakin zauren gidan da aka sauke shi, hannunsa baƙi ƙirin da gawayi har gwiwa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce in yi haƙuri ba zai ba ni hannu ba. A gefensa akwai kwalaben roba guda biyar da ruwa kala-kala a ciki, da damin tsinke, da buhun siminti da aka yayyanka aka goge shi ya zama takarda. Muka bi ta cikin gari a ƙasa. Katangun laka ne da na bulo a cakuɗe, inuwar bedi a ƙofar kusan kowane gida (mu Katsinawa bedi muke cewa, Kanawa su ce darbejiya), injin niƙa yana ta ƙugi, 'yan mata da faranti a ka. A wani zaure alluna ne jere a jingine da bango, an wanke su suna shan iska. Ya nuna mini su da haɓa, ya ce in riƙe wannan a raina, za mu dawo kansa.

Darasin da aka ba shi shi ne wanda malamai ke kira CCA, wato al'adu da fasahar ƙirƙira. A manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara 9 da hukumar NERDC ta tsara, an haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo a jaka guda. A takarda darasi ne mai daraja kamar sauran. A makarantunmu kuwa, kowa ya sani, shi ne lokacin da ake aro idan lissafi bai ƙare ba, ko a sa yara sharar fili. Ni kaina a zamaninmu ana ce masa aikin hannu, kuma abin da na tuna shi ne ƙarshen zango kowa ya kawo tsintsiya ko igiya a ba shi maki. Da yawanmu a kasuwa iyayenmu suka saya. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin shekara shida muka yi ba wanda ya taɓa cewa mu ɗaga kai mu dubi wani abu da kyau.

A hanya ya ba ni labarin makonsa na farko. Ya shiga da tsarin darasi mai kyau, an rubuta manufa, an rubuta matakai, an jera kayan aiki: kwali, fenti, buroshi, fensir mai launi. Ya tarar da yara sun haura 70, ba mai ko ɗaya daga cikin waɗannan, wasu ma fensirin rubutu rabawa suke yi. Sai ya yi abin da aka yi masa yana yaro. Ya ɗauki alli ya zana itace a baƙin allo, gindi miƙaƙƙe da dunƙulen ganye a sama, ya ce kowa ya kwafa. Rabin ajin suka kwafa, itace iri ɗaya sak. Sauran suka zauna suna kallonsa, in ya matso sai a ce, "Malam, ban iya ba."

Ya ce abin da ya buɗe masa ido a lokacin tara ya faru. Yaron da ya fi kowa nacewa a kan bai iya ba, shi ya gani a bayan aji ya baje ɓawon kara da totuwa, yana harhaɗa mota. Ya yanko tayoyi daga tsohon silifas, ya yi ƙofa mai buɗewa, har da madubin gefe. Ba wanda ya zana masa a allo. Motocin da ke wucewa ranar kasuwa ya ƙare wa kallo, hannunsa ya bi idonsa. "Kawu," in ji shi, "a nan na gane itacena ne bai iya ba. Ni kuma na ɗauka zane ne bai iya ba."

Darasin da na gani da idona a waje aka yi shi. Ya fito da 'yan aji huɗu ya tsayar da su inda suke hangen kuka da gawo a gonar da ke maƙwabtaka da makarantar. Bai ce a zana ba. Tambaya ya yi ta jefawa: wanne ya fi kauri? Daga ina rassan suka fara rabuwa? In ka rungumi wannan, hannunka zai haɗu? Da farko shiru, sai can wata yarinya ta ce kukar ta zubar da ganye, gawon kuwa yanzu ya yi kore shar. Wani ya karɓe ya ce ai gawo da damina yake tsiraici, shi ya sa babansa ke barinsa a gona, ba ya tare wa gero rana. Nan aji ya ɓarke, kowa da abin da ya sani. Sai da surutun ya kai inda yake so, ya ce kowa ya share ƙasa a gabansa ya ɗauki tsinke.

Wannan dabarar ta zane a ƙasa ta burge ni ƙwarai. Yaron da ke tsoron ɓata takarda ba ya tsoron ƙasa, in layi ya karkace tafin hannu ya isa. Sai da suka yi sau biyu, sau uku, sannan ya raba takardar buhun siminti da guntayen gawayi. Na zaga ina leƙawa. Babu kuka biyu da suka yi kama. Wani ya yi tasa da ƙaton ciki da 'yan rassa kamar yatsu, wata ta rataya 'ya'yan kuka a tata, wani ya sa kogo a gindi domin ya ce akwai shi, in ban yarda ba in je in duba. Na je, akwai shi.

Bayan tara aka koma kan kwalaben nan. A kwaleji an koya masa cewa launuka uku ne tushe, ja da rawaya da shuɗi, sauran daga gare su ake haɗawa. Ya ce ilimin daidai ne, amma ranar da ya rubuta shi a allo yara haddacewa kawai suka yi. Da ya koma ya tambaye su sunayen launi da suke ji a gida, sai ga su suna zubowa: ruwan ɗorawa, ruwan goro, ruwan toka, ruwan hanta, ruwan ƙwai, ruwan ƙasa. Ashe Bahaushe bai raba launi da abin da ke ɗauke da shi ba, sunan ma yana gaya maka inda za ka je ka gan shi. Daga nan ya fara haɗa fentinsa. Ja daga zoɓo da karan dafi, wanda dukawa ke rina fata da shi. Rawaya daga gangamau. Shuɗi daga bular wanki. Baƙi daga gawayi, fari daga farar ƙasa, a zuba ɗan ƙaro don ya kama takarda. Buroshi kuwa tsinken bedi ne da aka tauna bakinsa kamar asuwaki.

A gabana ya ɗiga bula a kan gangamau, kore ya fito, ba mai haske sosai ba amma kore ne. Sannan ya raba ruwan zoɓo gida biyu, ya matsa lemun tsami a ɗaya ya ƙara ja, ya jefa kanwa a ɗayan ya rikiɗe ya yi duhu. Ihun da yaran suka yi sai da hedimasta ya leƙo. Wata ta ce ai haka miyar innarta ke canzawa in an sa kanwa. Wannan kimiyya ce tsagwaronta, ta shigo ta ƙofar zane ba tare da an kira sunanta ba.

Ba komai ne ya zo masa da sauƙi ba. A mako na biyu wani dattijo ya tare shi bayan sallar la'asar, ya ce ya ji ana koya wa 'ya'yansu zana mutum-mutumi, alhali an san abin da addini ya ce game da surar masu rai. Ɗan ƙanwata bai yi gardama ba, kuma na yaba masa. Ya ce, "Baba, ku zo ku gani da kanku." Ya kuma je wurin alaramman zauren nan da muka wuce, ya roƙi a nuna wa yara allon zayyana, irin wanda ake ƙawata wa mai sauka. Alaramma ya fito da shi, ya nuna yadda ake feƙe alƙalami, yadda ake dafa tawada da ƙaro, yadda ake raba fuskar allo gida-gida kafin a cika ta da ja da rawaya da kore. Tun daga ranar maganar ta mutu. Itatuwa, ganye, tukwane, dagi, askar da ke gaban babbar riga, adon ƙwarya da na faifai, waɗannan kaɗai sun ishi malami shekara bai maimaita ba.

Akwai takarda ɗaya da ya ajiye daban, sai da muka koma masauki ya nuna mini. Wata rana ya ce kowa ya zana abin da ya gani a hanya. Wani yaro da danginsa suka taso daga wani ƙauye na yamma ya zana babur da mutum uku a kai, kowanne da abu dogo a kafaɗa. Ya ce ya daɗe tsaye bai san abin da zai ce ba, domin babu darasin da ya shirya shi don wannan. Bai yaga ba, bai ɗaga wa aji ba, bai ba da maki ba. Ya zauna kusa da yaron ya tambaye shi ko yana so ya ba shi labari. Yaron ya girgiza kai, ya nemi wata takardar, ya zana akuyarsu. Duk wanda ya san abin da ƙauyukan Kurfi, Safana, Batsari da Dutsin-Ma suka gani a shekarun nan ya san irin wannan yaron ba shi kaɗai ba ne. Ina ganin wajibi ne masu horar da malamai su fara yi wa ɗalibansu maganar wannan tun kafin su tura su.

Koyar da aikin hannu a makarantar boko ba baƙon abu ba ne a Arewa. Makarantar da Baturen da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i. A Legas, Aina Onabolu ya yi ta faɗi-tashi a shekarun 1920 har zane ya samu gurbi a makarantu. A Zariya kuma, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya a kan cewa mai zane ya fara da abin da ya gada a gida kafin ya ɗora na waje. Abin da ɗan ƙanwata ya gano a bayan aji a Barkiya, shi ne suka yi ta faɗa shekara 60 da ɗoriya da suka wuce. Ya gaya mini yana yawo da takardar naira 20 a aljihu saboda hoton Ladi Kwali da ke bayanta. Yakan nuna wa 'yan matan ajin, ya gaya musu a ƙauye ta koyi ginin tukunya wurin 'yar'uwar iyayenta, kafin ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja ta da, wato Suleja, a 1954. Washegarin ranar da ya fara nunawa, wata ta zo da faifan da ta saƙa da kanta, ta bayyana wa aji yadda take ƙirga zagaye kafin ta canza launin kaba.

Da la'asar na bi ta Dutsin-Ma don in kwana. Garin malamai ne yanzu: ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, mai ɗauke da sunan Wazirin Katsina da ya riƙe ma'aikatar ilimi ta Jihar Arewa a zamanin Sardauna, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Matasa ne ko'ina da littattafai a hannu, da yawansu gobe aji za su shiga.

Saura mako 3 ɗan ƙanwata ya gama ya koma kwaleji. Ya ce zai bar kwalaben da takardun a hannun malamar ajin, ta kuma yi alkawarin ci gaba. Roƙona ga hedimastocin ƙasar Kurfi da Dutsin-Ma, da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, shi ne a bar wa wannan darasi lokacinsa, a daina aronsa, a daina karɓar tsintsiyar kasuwa a madadinsa. Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo da takarda ya ce ku duba, ku ajiye abin da kuke yi ku duba.