SIHIRI DA DABO A BAKIN MUTANEN JAPAN

Duk wanda ya taɓa zama da aikin fassara ya san cewa wata kalma tana iya zama tarko, kuma kaɗan ne suka kai kalmar da Turawa ke haɗa sihiri da dabo da tsafi a cikinta haɗari. Bahaushe bai yarda da wannan haɗin gambiza ba, gama ya ware mai rufa-ido da ke tara yara a kasuwa daga mai sammu da ke binne layu da tsakar dare. To, ashe mutanen Japan ma haka suke, har ma sun fi tsananta rarrabewa.

Kalmar da aka fi ji a bakinsu ita ce maho, watau sihirin tatsuniya da littattafan ƙage. Gaɓarta ta farko, ma, ta samo asali daga Mara, shaiɗanin da mabiya addinin Buda ke cewa ya nemi ya ruɗi Buda, kuma sunan ya bi ta ƙasar Sin kafin ya iso Japan. Amma yau da gobe ta cire wa kalmar dafi, har ya zamana fulas ɗin shayi ma mahobin suke kiransa, wai kwalbar sihiri, don kawai yana riƙe zafin ruwa.

Mai wasan dabo kuwa ba ya shiga wannan layi. Sana'arsa tejina ce, te kuwa hannu ke nan, watau sunan da kansa ya tona cewa saurin yatsu ne, ba aljani a ciki. Akwai kuma majikku, wadda suka aro daga Turanci don irin wannan wasa na dandali.

Inda magana ta yi nauyi shi ne jujutsu, domin ita ce ta tsafi da jifa, kuma da ita masanansu ke kiran tsafin kowace al'umma. Sai dai baƙo ya yi hattara, gama in ya ja wasalin farko ya yi tsawo, ya bar maganar tsafi ya koma kan kokawar gargajiyarsu, wadda Kano Jigoro ya tsamo wasan judo daga cikinta a 1882. Da jan wasali ɗaya sai a mai da boka ɗan kokawa.

Wannan rarrabewa tana da tarihi a bayanta. Tun ƙarni na 7 fadar sarkin Japan take da ofishin masu duba da lissafin taurari, ana kiransa Onmyoryo, kuma mafi shahara cikin ma'aikatansa shi ne Abe no Seimei, wanda ya rasu a 1005. Ba a rufe ofishin ba sai a 1870, zamanin Sarki Meiji. Ƙasar da ta yi shekara fiye da dubu tana riƙe da masu duba a fada dole ta san bambancin wanda ke yi wa sarki aiki da wanda ke yi wa maƙwabcinsa jifa.

Amma abin da ya fi kamata mai karatu ya tsaya a kansa shi ne kalmomi biyu, noroi da majinai. Noroi jifa ce, irin ta mai kafe 'yar tsanar ciyawa da ƙusa a jikin bishiyar wurin bauta tsakanin ƙarfe 1 da 3 na dare. Majinai kuwa ɗan surkulle ne na neman sauƙi, kamar uwa ta shafa gwiwar ɗanta da ya faɗi tana korar zafin da baki. Alhali kuwa da harafi ɗaya ake rubuta su duka biyun, sai ma'anar zance ta nuna wadda ake nufi.

Watau alƙalami bai raba cuta da magani ba, niyyar mai yi ce ta raba su. Saboda haka tafintan da ya tattara waɗannan kalmomi duka ya kira su sihiri, ya ɗora wa mai dabo da uwa mai lallashi laifin da ba nasu ba. Magana zarar bunu ce, kuma a inda ake jifan mutum da sunan maita, kalma ɗaya ta isa ta raba shi da garinsu.