Kanari a Kano, Murai a Jakarta

Kewar gida ce ta kai ni Pramuka, babbar kasuwar tsuntsaye ta Jakarta. Kukan kanari nake so in riƙa ji da asuba, irin na zauren gidanmu. Sai na taya wani tsuntsu mai doguwar jela da suke kira murai batu, mai shi ya yanka mini kuɗin da zai sayi sabon babur. Na ɗauka ganin baƙo ne ya sa. Ashe haka abin yake, muddin tsuntsun ya taɓa cin gasa.

Duk ƙarshen mako, a wurin gasar, ana rataye tsuntsaye cikin keji a jere ƙarƙashin rumfa, alƙalai suna zagayawa suna sauraren wanda ya fi salo da dogon numfashi. A 2018 shugaban Indonesiya na lokacin, Joko Widodo, da kansa ya halarci irin wannan gasa a Bogor. Tun da can mutanen Jawa suna lissafa tsuntsu tare da gida, mata, doki da wuƙar keris cikin abubuwan da ke cika namiji.

Gaskiya kulawarsu tana burge ni, mu da muke zuba gero da ruwa mu tafi. Masu kiwo a gida, ku gwada wannan: wanka da sassafe, sai a ɗan shanya tsuntsun a hantsi kafin rana ta yi zafi. A wanke kejin kullum. Da dare a lulluɓe shi da ƙyalle don ya huta. Murai kuwa gyare da ƙwan tururuwa ake ba shi, kada a haɗa shi da abincin kanari.

Amma kuɗin nan bai bar raina ba. Shi ya sa ake kunna wa ɗan tsuntsu kukan wasu a waya har ya haddace, alhali namu a daji ya koyo nasa. Shi ya sa kuma masu tarko suka kusa ƙarar da wasu tsuntsaye a dazukan Jawa da Sumatra. Tarkon yaranmu bai kai nan ba, Allah Ya sa kada ya kai.

Ɗan'uwa, in za ka saya a Jakarta, nemi mai zobe a ƙafa, alamar a gida aka ƙyanƙyashe shi. Kamun daji yakan ƙi cin abinci ya mutu a hannunka.