Matakala Uku

Yawancin mutane ba sa ƙirga matakalar da suke takawa kafin su shiga banki ko asibiti ko ofis. Ni kuwa ina ƙirgawa, domin a gidanmu na koyi haka. Yayana ya kamu da cutar shan inna tun yana ɗan shekara huɗu, kuma da keken guragu yake zuwa ko'ina. Tun ina ƙarami ni ne mai tura shi idan hanya ta yi tudu. Saboda haka na san gine-ginen garinmu daga ƙasa, daga inda taya take taɓa siminti.

Ba da mugun nufi ake yin matakala ba. A gidajen gargajiya akan ɗaga dokin ƙofa don kada ruwan sama ya shiga zaure, maginan zamani ma suna ɗaga harsashin gini saboda ambaliya. Amma abin da ya tare ruwa yakan tare mutum. Matakala uku ba komai ba ne ga mai ƙafa, ga mai keke kuwa katanga ce.

Yaya ya karanta aikin akanta, ya fita da sakamako mai kyau. Wata rana aka kira shi ganawar neman aiki a wani ofis da ke hawa na biyu, ba lifta. Masinjoji biyu suka kinkime shi da kekensa, suna nishi, jama'a suna kallo. Da muka dawo gida ya ce mini, "Ƙanena, sun yi mini alheri, amma kafin in buɗe baki masu ganawar sun riga sun ɗauke ni kaya." Bai samu aikin ba. Wa zai ɗauki ma'aikacin da sai an kinkime shi safe da yamma? A ganina ba ƙafafunsa ne suka hana shi aikin ba, ginin ne.

Doka ta yarda da wannan ra'ayi. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna bambanci ga naƙasassu. Dokar ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuma ya cika a farkon 2024. Ta ce kada a amince da zanen sabon ginin jama'a sai an duba an ga ya tanadi hanyar naƙasassu. Ta kuma nemi ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari aƙalla kashi biyar cikin ɗari na ma'aikatansu su zama naƙasassu.

Tun daga lokacin an fara ganin hanyoyi masu gangara a bakin gine-gine, wato hanyar da ake shimfiɗawa a gefen matakala domin keke. Na yi murna da farko, har sai da muka fara gwada su. Da yawansu an yi su ne don a gani kawai. Wata ta miƙe kamar tsani, ko ƙato ba zai tura keke a kanta ba. Wata an lulluɓe ta da tayil mai santsi, sai ka ce ana neman mutum ya zame. Na taɓa ganin wadda ta ƙare a bakin kwata, da wadda maigadi ya jera tukwanen fure a kanta.

Alhali kuwa lissafin ba shi da wuya. Ƙa'idar da masu zanen gine-gine suka saba bi ita ce, duk tsayin santimita ɗaya yana buƙatar tsawon santimita 12. Idan kowace matakala santimita 15 ce, guda uku sun zama 45. Gangarar da za ta maye gurbinsu ke nan sai ta wuce mita biyar. Wanda ya yi ta mita biyu ya yi asarar siminti. Bayan gangara akwai ƙofa, wadda ya kamata faɗinta ya kai kimanin santimita 90. Akwai kuma banɗaki, wanda mutane suke jin nauyin ambatonsa. Ma'aikacin da ba zai iya shiga banɗakin ofis ba, ƙin shan ruwa yake yi tun safe har a tashi.

Ba masu keke ne kaɗai ba. Makaho yana buƙatar a rufe lambatu, a kuma sa rubutun makafi a maɓallan lifta. Kurma yana buƙatar sanarwa a rubuce, da mai fassara da maganar hannu idan ana taro. Tsoho mai sanda da mace mai juna biyu da ɗan dako mai baro, duk gangarar nan suke bi idan sun same ta.

Sau da yawa akan ce babu kuɗi. Gaskiya ne lifta tana da tsada, kuma ba ta aiki idan an ɗauke wuta. Amma sauko da ofishin karɓar jama'a zuwa hawan ƙasa ba ya cin ko kwabo. Ƙofa mai faɗi ma, in tun a zane aka sa ta, bambancin kuɗinta kaɗan ne. Fasa bango daga baya shi ne mai tsada.

Hausawa suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba kasafai ake tambayar mai keke kafin a zuba siminti ba. Bara ana gina ƙaramin asibiti a unguwarmu, sai Yaya ya tsaya wajen wani dattijon magini ya ce, "Baba, don Allah a ɗora katako a inda za a yi gangarar, in gwada tukuna." Dattijon ya yi dariya, amma ya yarda. Keken ya kai rabi ya fara komawa baya. Dattijon ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗauko igiyar awo ya ƙara tsawon da mita uku, ya ce wa yaransa su bar saman simintin da kaushi saboda damina.