Ranar Da Kwamfutarmu Ta Yi Magana

Mu 'yan kulob ɗin jarida laftof ɗaya gare mu, ita ma ta tsufa. A zangon da ya wuce mun yi hira da wata dattijuwa da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensu a ƙasar Safana, ta dawo Batsari da zama. Muka ɗauki muryarta a waya don mu saka wa ɗalibai a taron safiyar Litinin. Sai dai iska da kukan awaki sun danne maganar, laftof ɗinmu kuma ba ta iya ɗaukar manhajar gyaran murya.

Yayan ɗaya daga cikinmu, ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ya taimake mu. Ya buɗe mana wata kwamfuta a cikin kwamfutarsa. Ba ta da gangar jiki, amma tana aiki kamar ta gaske. Daga nan muke shigarta ta intanet da manhajar Remote Desktop.

Muka shiga, muka danna hirar. Hoto ya fito tar, amma shiru kake ji. Muka ƙure ƙara, muka canza lasifika, duk a banza. Ga datar da muka yi karo-karo muka saya tana ta zurarewa. Wasunmu suka ce laifin sabis ne, don ba mu manta 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Batsari da Safana. Malaminmu ya ce, "In sabis ne, ta ina hoton ya biyo?"

Can sai ga kiran yayan: "Kai, wace Baba ce ke ta magana a ɗakina?"

Ashe murya na fita, amma a Dutsin-Ma! Ya nuna mana cewa kafin a shiga, akwai wurin da ake zaɓar inda sauti zai fito: kwamfutar can ko ta nan. Namu yana kan ta can. Muka fita, muka canza, muka sake shiga. Sai ga muryar Baba.

Ranar Litinin da ta fara lissafa sunayen gonakinsu, ko tari babu wanda ya yi a fili.

Shawararmu ga 'yan uwa ɗalibai: in na'ura ta ƙi aiki, kada ku yi saurin ɗora wa sabis laifi. Ku fara duba saiti. Mun kwafe matakan a littafin kulob, duk mai so ya same mu lokacin tara.