Kafanchan da Kasuwar Sanyi

Wanda ya taso daga Kaduna ya bi ta Kachia da rani, ƙamshin citta ne zai fara tarbarsa, an baza ta tana shan rana a bakin titi. Can ɓangaren Kwoi ga ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Kafanchan kuwa jirgin ƙasa ne ya raya ta: a shekarun 1920 layin dogo daga Fatakwal ya ratsa nan zuwa Kaduna, wani reshe ya haura Jos. Yanzu tashar ta yi shiru, hayaniya ta koma kasuwa da tashar mota.

A cikin kasuwar akwai hajar da ba a kasa ta a faifai, amma kowa na biyan kuɗinta, wato sanyi. Mai kifin ƙanƙara na jiran katan-katan daga ɗakin sanyi, mai zoɓo da kunun aya na cinikin ƙanƙara, mahauci na lissafin naman da zai kwana. Bayan shaguna janareto na ruri, domin in wuta ta ɗauke, jari ne ke narkewa.

A rumfar masu gyaran firij za ka ga tukwanen gas jere da lambobinsu, ga bututun jan ƙarfe a nannaɗe, ga abin walda. R12, wanda aka fito da shi a Amurka wajen 1930, ya riga ya kau, tun da yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta same shi da laifin cinye lemar ozon. R22 ma an sa masa wa'adin 2030 a ƙasashe masu tasowa. R134a da R404A ba sa taɓa ozon, amma wajen ɗumama duniya kilo guda na farkon ya kai kilo 1,430 na iskar kabon, na biyun kusan 3,900. Shi ya sa aka yi wa yarjejeniyar Montreal gyaran Kigali a 2016 don rage su. Sababbin firij na zuwa da R600a, wanda ba ya wannan ɓarna, sai dai yana kama wuta.

Tukunyar da ba a saba gani a irin wannan rumfa ba ita ce ta amoniya, R717, alhali ta girme su duka. Da ita Carl von Linde na Jamus ya ƙera injin sanyinsa a 1876, kuma har gobe manyan masana'antun ƙanƙara da rumbunan kifi na duniya da ita suke aiki. Tana tafasa a digiri 33 ƙasa da sifiri, kuma zafin da kilo guda ke kwashewa ya ninka na R134a kusan sau shida. Ba ruwanta da ozon ko ɗumamar yanayi, ga arha. Najeriya ma na sarrafa ta a Eleme da Lekki, inda ake yin takin yuriyar da manoman citta ke zubawa.

To me ya hana? Amoniya na cin jan ƙarfe, dole sai bututun baƙin ƙarfe da walda ta ƙwararru. Guba ce kuma: in ta ɓalle da yawa tana ƙona ido da huhu, har ta yi kisa, ko da yake warinta mai yaji kan tona asirin ƙaramar ɓula da wuri. Saboda haka ba a kafa injinta a shagon da ke manne da gidajen mutane. Tana son fili, da wuta tsayayya, da ma'aikaci a tsaye dare da rana.

Ƙaramin ɗakin sanyi dai gas ɗin tukunya ne daidai da shi. Amma yankin da ke fitar da citta, tumatir, nama da nono, ranar da ya tashi gina babban rumbun sanyi ɗaya maimakon ƙanana barkatai, amoniya ce za ta fi sauƙin kuɗin wuta. Kafin a sayo injin, sai an fara horar da waɗanda za su riƙe shi.